Na Fake Da Wasan Taubasai Na Mare Shi

Assalamu alaikum Edita da masu karatun wannan fili. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya ji ƙarshen zancen, don ni ma na zagi kaina iya zagi.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne a Dutse, ina haya a Takur, amma asalina Buji. Ina da taubashi, ɗan gwaggona, manomi, bari in kira shi Sale. Tare muka tashi, kuma kun san wasan taubasai: ya ce mini bawa in ce masa bawa, ya fizge hulata in kwance masa akuya, manya na dariya. Na daɗe da aure Allah bai ba ni haihuwa ba. Ran sunan ɗan Sale muna zaune a ƙofar gida ana rabon goro, sai Sale ya ɗaga murya wai ma'aikatan Dutse sun iya rabon taki amma tasu gonar ko tsiro babu. Wuri ya kaure da dariya, har da mahaifin matata. Ni ma na yi dariyar, na miƙe kamar zan fizge hularsa yadda muka saba, na tattara ƙarfina kaf na wanka masa mari a kunne. Wallahi na san abin da nake yi. Ya dafe wurin ya ce, "Kai bawa, yau hannunka da nauyi," aka ci gaba da sha'ani.

Ba a jima ba kunnen ya fara ruwa, a asibiti aka ce dodon kunnen ya fashe. Surukin Sale, wani malami da ba ya ɗaukar wargi, ya ce shi bai taɓa ganin wasan da ke toshe kunne ba, ya kai ƙara. Kun san tun da aka ƙaddamar da shari'a ba a raina ko mari. Alƙali ya yi mana bayani dalla-dalla: in kuskure ne cikin wasa, Sale na iya yafewa a tashi, in da gangan ne, laifin ji wa mutum rauni ne, akwai bulala ko tara ko ɗauri, ban da haƙƙin mai kunnen. Wa ya tashi ya kare ni? Sale! Ya ce wasanmu ne tun muna yara, har ya ba alƙali dariya da labarin akuyar. Ni kuwa kaina na ƙasa, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam ya kafe, sai alƙali ya ce ranar Litinin in zo da alwala, in dafa Alƙur'ani in rantse wasa ne.

In na rantse na tsira da aikina da mutuncina, amma da wane hannu zan dafa? Wanda ya yi marin? In kuwa na faɗi gaskiya, bulala a bainar jama'a ba ita ta fi damuna ba. Ya zan kalli gwaggo? Ya zan kalli mutumin da ya tsaya gaban alƙali ya yi mini kyakkyawar shaida da zuciya ɗaya?

Jiya da la'asar sai ga Sale a gidana da ƙullin sabuwar gyaɗa. Ya zauna ya ce, "Ɗan'uwa, bakina ne ya yi kaifi ran nan, ga shi na jawo maka kotu. Ka yafe mini." Sannan ya karkato kansa, ya juyo mini da kunnen da ya rage masa don ya ji amsata.

Jama'a, Litinin jibi ce. Me zan yi?