Ƙorafi Kan Aladun da Ke Tone Kaburburan Iyayenmu a Tsibirin Tarrow

Zuwa ga: Mai Girma Darakta, Ofishin Kula da Wuraren Tarihi, Gundumar Tarrow, Jihar Jojiya

Daga: Ozella Maybank, Layin Tsohuwar Coci, Tsibirin Tarrow

Kwanan wata: 14 ga Oktoba, 2023

Game da: Rangwamen harajin Kamfanin Vandermoor da halin da maƙabartarmu ke ciki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. A 2019 Kamfanin Vandermoor ya sayi dajin da maƙabartar zuriyarmu ke ciki, inda kakanninmu ke kwance tun zamanin bauta. Ya sa hannu cewa har abada ba zai yi gini ba, zai kuma kula da kaburburan. A kan wannan alkawari aka rage masa haraji, ofishinka ya kafa masa allon yabo a bakin ƙofa.

2. Gini kam bai yi ba. Aladun daji yake tarawa, yana watsa musu masara, domin baƙinsa su zo su harbe su don nishaɗi.

3. Ranar 3 ga Satumba na kai furanni kabarin mahaifiyata. Na tarar an tone shi har gefen akwatin, ga kashin alade ko'ina, ga gwangwanayen giya jere a kan dutsen da ke ɗauke da sunanta. Da hannuna na kwashe. Warin ba zan bayyana shi ba, saboda mutuncin ofishinka.

4. Ƙanena Cleophus, duk da ciwon bayansa, ya kewaye kaburburan da waya. Ranar 29 ga Satumba ofishinka ya umarce mu mu cire ta, wai ta ɓata kamannin wurin na tarihi. Jami'in da aka turo ya ɗauki hoton wayar. Ramin kuwa tsallake shi ya yi, yana toshe hanci.

Don haka ina roƙon a janye wannan umarni, a tilasta wa kamfanin kwashe aladunsa, a kuma sanar da hukumar haraji irin kulawar da ta saya da rangwamenta.

Ina roƙon a hanzarta. Ƙanwar mahaifiyata, Inna Verdell, tana kwance a asibiti. Shekara talatin tana share gurbin da ta zaɓa wa kanta kusa da mijinta. Jiya ta kama hannuna, ta sa na yi mata alkawarin ba za a kai ta can ba.

Da dukkan ladabi da biyayya,

Ozella Maybank