Bangon da Ya Faɗo Maka, Baba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin rahamar Allah. Na san babu direban da zan ba wannan takarda ya kai maka, kuma ko da kana raye sai dai a karanta maka. Ka bar ni dai in rubuta.

Kowa lafiya a Ƙafin Maiyaki. An gama girbi. Gonarka ta Yako Kawu Sule ne ya noma ta, dawa ta yi kyau, masara ce ba ta yi ba. Matar Yaya Sani ta haihu a Kurmi, namiji, an sa masa sunanka. Ya aiko da hoto. Na duba, na ajiye a kwalla.

Baba, na ji abin da ya yi ajalinka.

Ran da aka aiko daga gidan gajiyayyun nan na hanyar Tudun Wada, inda aka kai ka bayan ɓarin jikinka ya shanye, cewa aka yi zazzaɓi ne. Kafin motarmu ta isa har an kai ka makwancinka. Mai kula da gidan ya tare ni a bakin ƙofa, ya yi min ta'aziyya, ya miƙo min butarka da carbinka. Bai bari na shiga ba, ya ce ana gyara. Na yi masa godiya, Baba. Har ƙasa na durƙusa.

Ka tuna Goggo Adama, tsohuwar Bafulatanar nan ta ɓangaren mata, mai yi maka fifita? Ita ta gaya min daga baya. Ran da abin ya faru ranar kasuwa ce. Ma'aikatan suka kulle ɗakunanku da kwaɗo ta waje yadda suka saba, wai kada masu ruɗewa su fita, suka tafi cefane. Ruwa ya sauko bayan azahar. Bangon ɗakinka mai tsagar nan shi ya faɗo maka. Ta ce ta ji kana salati, ka daɗe kana yi, kuma babu mai makulli a gidan.

Ashe akwai mutanen gwamnati da aikinsu ke nan, duba irin waɗannan gidaje. Goggo ta ce sukan zo a farar mota, amma sai sun aiko tukuna. A yi muku wanka, a fito da ku gindin darbejiya, a lulluɓa muku sababbin barguna, su kuma a yanka musu kaza. Motar na juyawa a kwashe bargunan. Ba wanda ya taɓa leƙa ɗakinka. Da ɗaya daga cikinsu ya leƙa, da yanzu kana nan? Ban sani ba.

Mai unguwa ya kai maganar gaba, aka turo kwamiti. Sun kira ni, sun tambayi shekarunka da wanda ya kai ka. Ni kuma na tambaye su wa ya kamata ya duba bangon. Babbansu ya ce in yi haƙuri, za a rubuta rahoto. An rufe gidan. Goggo tana wajen jikanta a wata ruga ta Doguwa. Waɗanda ba su da kowa, ban san inda aka kai su ba. Rahoton kuwa har yau shiru. Kwanan baya na ga mai kula da gidan a tasha yana sayen rake. Ya gaishe ni, na amsa.

Ban yi kuka ba. Mata sai yaba min tawakkali suke yi. Ba tawakkali ba ne. Ina daka, ina tuƙa tuwo, ina yi wa yara wanka, ba na jin komai. Ko haka kai ma ka ji da Inna ta rasu?

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Zuwana na ƙarshe ka kira ni da sunan Inna, ka tambaye ni ko na ɗaure akuya. Na ce na ɗaure. Ka riƙe hannuna har barci ya ɗauke ka, ka saki jiki sosai. Tun da aka kai ka gidan ban ga fuskarka a kwance haka ba.

An kira la'asar, zan tashi. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabari. Ka huta, Baba.

Taka,
'yar autarka Hajara