A Buɗe wa Sahabi Ɗakin Katako

Zuwa ga Shugaban makarantar sakandaren da ɗana Sahabi ke karatu, nan Sabon Birni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da aiki, da ɗawainiyar ɗiyanmu da kake yi. Ina fata kai da iyali da malamanka kuna lahiya.

Sunana Hajara, ina koyar da matan aure karatu a Islamiyyar unguwarmu. Na zo ofishinka farkon wanga zango na tarar kana cikin taro. Mataimakinka ya saurare ni cikin mutunci, ya ce zai isar da saƙona, kuma na yarda ya isar. Amma shiru ya yi yawa, maganar kuma ba ta ɗana kaɗai ba ce. Shi ya sa na nemi izinin maigidana na rubuta ta inda sauran iyaye za su gani.

Sahabi shi ne ɗana na uku. Yana ƙarami, lokacin muna zaune Unguwar Lalle, sanƙarau ya kama shi. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma kunnen hagu ya mutu, na dama kuma sai an matso an ɗaga murya. Haka ya yi firamare, yana kallon bakin malami yana tsintar abin da ya samu. An sha ce mini yaron ba shi da kai. Ni da na haife shi na san yana da shi, ƙofar shiga ce ta toshe.

A ƙaramar sakandare Allah ya haɗa shi da Malam Isyaku, mai koyar da fasaha. Darasin wanga malami bai cika neman kunne ba. Zai zana abu a allo, ya ɗauki zarto ya yanka katako a gaban yara, ya miƙa wa yaro ya ce gwada. Nan Sahabi ya farka. Yaron da sai na yi ta fama kafin ya sa kayan makaranta, ya koma shi ke tashin ƙannensa.

Bara kakarsa, mahaifiyar maigidana, gwiwoyinta suka matsa mata, in ta zauna ƙasa sai an kama ta take tashi. Sahabi ya ɗauko igiya ya auna ta, tun daga diddige har gwiwa, daga gwiwa har ƙugu, tana dariya tana cewa ko likkafani yake auna mata. Ya zana kujera a takarda ta fuska uku, gaba da gefe da sama, ya kai wa malaminsa ya gyara masa. A ɗakin katakon makarantarka ya haɗa ta, da madafa biyu da za ta dogara ta miƙe. A kanta take salla har yau. Ranar da ya kawo ta gida, tsohuwar ta riƙe hannunsa ta daɗe tana sa masa albarka, shi kuwa ya sunkuyar da kai don kada ƙannensa su ga idonsa.

Yanzu ga kukana, ranka shi daɗe.

Na farko, da suka shiga aji ɗaya na babbar sakandare bana, an ba su takardar zaɓen darussa. A jikinta akwai zanen fasaha, akwai aikin katako, akwai aikin lantarki. Sahabi ya zaɓi na farko da na biyu, ya kawo mini na sa hannu ina murna. Bayan an fara karatu sai aka ce masa babu mai koyar da su, an mayar da Malam Isyaku garin Isa, shi Sahabi ya shiga ajin adabi da tarihi. In an san babu malami, don mi aka rubuta su? Yaro ba ya rarrabe alkawarin baki da na takarda.

Na biyu, ɗakin katako yana kulle tun lokacin. Na leƙa ta taga ranar da na zo. Teburan aiki suna nan, an jibge karyayyun kujerun aji a kansu, kujerun da yaran nan da kansu za su iya gyarawa.

Na uku shi ne wanda ke hana ni sukuni. Adabi da tarihi darussa ne masu daraja, ban raina su ba, amma darussan sauraro ne. Sahabi ya fara fashin zuwa makaranta. Da na tsare shi sai ya ce mini, "Inna, bakin malam kawai nake gani yana motsi. Mi za ni je yi?"

Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, yana kai kaya Nijar yana kawowa. Ya ce zai tafi da shi ya koyi fatauci. Ba ƙin boko ke gare shi ba, cewa ya yi ba zai bar ɗansa ya girma a bayan aji kamar baƙo ba. Gaskiya gare shi. Amma ka san yadda hanyoyinmu suke kwanakin nan. Yaron da ba ya jin ƙarar babur sai ya zo kansa, in aka yi ihun gudu a hanya, wa zai taɓa kafaɗarsa?

Na san ba kai ka ɗauke malamin ba, na san kuma malamai sun yi ƙaranci ko'ina. Ba zargi na kawo ba, roƙo ne. Ka kai kukanmu wurin na sama da kai, a maido mana Malam Isyaku ko a turo wani. In hakan zai ɗauki lokaci, garin nan akwai kafintoci da masu gyaran wuta na kirki, ka kira mu iyaye mu zauna mu ga yadda ɗayansu zai riƙa shiga yana nuna wa yara aiki, wani malami yana lura. A buɗe ɗakin, mu za mu share shi. In an buɗe kuma, kada a manta da 'yan mata. Ɗiyar maƙwabciyata ita ke gyara fitilun sola na layinmu, ita ma aikin lantarki ta zaɓa aka hana ta. Abin da kuma ba za a iya koyarwa ba, a daina rubuta shi a takardar zaɓe.

Na roƙi maigidana ya dakata har a yanke dawa, ya ce to. Na roƙi Sahabi ya ci gaba da zuwa har lokacin, shi ma ya ce to, kuma yana zuwa, yana zama can baya yana jira. Ranka shi daɗe, dawa ta fara nuna.

Allah shi ƙara maka lahiya da haƙuri, shi ba ka ikon sauke wagga amana, shi raya naka ɗiyan, shi haɗa su da malaman da za su gane su. Allah shi zaunar da ƙasarmu lahiya.

Wassalamu alaikum.

Hajara, mahaifiyar Sahabi,
Sabon Birni.