Man da ke cikin robar nan ni na yi shi

Sannunku 'yan wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, a ɓoye sunana. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta mini, ita za ta karanta mini abin da kuka ce.

Ni mutuniyar Zuru ce. Mijina soja ne, ya rasu da daɗewa, da man kaɗe na riƙe gida. Matan ƙauyukan Dabai da Manga ke kawo mini ƙwarar kaɗanya, in soya, in kai inji, in buga, in tace har ya yi fari. A kasuwar nan ba wanda ke ganin darajarsa, sai masu kaushin ƙafa. Shekarun baya wata Madam daga Kaduna ta ga man nawa ta ce in riƙa aika mata a jarka ta tasha. Can take sa masa turare, ta zuba a 'yar roba mai koren murfi, ta manna takarda da sunan Turanci da hoton wata Baturiya tana murmushi. Ta taɓa aiko mini da guda in gani. Sharaɗinta ɗaya, kada in faɗa wa kowa, don in mutane suka san daga Zuru yake ba za su saya ba. Na ce to. Ko 'yata ban faɗa wa ba, ta dai san ina aika mai Kaduna.

'Yar tawa ita kaɗai gare ni. Tun tana makaranta take ƙin warin man kaɗe, wai 'yan ajinsu na yi mata dariya. Ta auri soja ita ma. An tura mijin aiki ƙasar waje, ya dawo bana tana da tsohon ciki, ya kawo mata tsaraba. Da na je gaishe shi ta ɗauko wani abu ta ce, Mama zo ki ga mai na gaske. Ina dubawa sai ga koren murfi, ga Baturiyar nan. Ya ce a can ya saya, da tsada, wai matan manya ke shafa shi. Na kalle shi, ya kalli ƙasa. Ni na san a Kaduna ya tsaya ya saya, mai yiwuwa bai samu sayo komai a can ba, kunya ta sa shi ƙarya. Yaron ba mugu ba ne. Ta lakato kaɗan ta shafa mini a bayan hannu, ta ce in ji bambanci. Na ce na ji.

Daga nan ta kai shi zumuntar mata a coci, kowa ta shinshina. Matar fasto har tana cewa Bature dai Bature ne. Ina zaune a wurin ina jin su.

'Yata ta haihu, namiji. A wurinmu uwar mai jego ke zuwa ta yi wa jariri wanka, ta gasa masa jiki, ta shafe shi da mai. Na dafa na musamman, na tace shi da sabon ƙyalle, na kai. A gaban uwar mijinta ta ce in mayar, kada in sa wa ɗanta abin ƙauye ya yi ƙuraje. Uwar mijin ta yi dariya ta ce, kaka zamani ya bar ki a tasha. 'Yata ta miƙo mini robar ta ce da wannan zan shafa, kuma in wanke hannu da sabulu tukuna. Na wanke. Na shafe jikana da man da na buga da hannun nan, suna ta yabon yadda fatarsa ke sheƙi.

Ban yi kuka ba, na wuce wannan. Na dai gaji.

Yanzu robar ta ƙare. Mijin ya ce sai wani abokinsa ya yi tafiya waje, ga shi an mayar da shi wani bariki mai nisa. Ta sayi wani man kanti tana shafa wa yaron, bai karɓe shi ba. Wuyansa da bayan gwiwarsa sun yi ja, fatar tana tsagewa, in an sa masa ruwa sai ihu. Na sake kai nawa, muka yi faɗa sosai. Ta ce ina so in ƙarasa shi ne, ta ce ita ba za ta yi renon ɗa yadda aka rene ta ba. Wannan maganar ta shige ni. Na ce da wannan man aka biya kuɗin makarantarki, ta ce ta sani, shi ya sa take so in huta. Na ɗauko tukunyata na dawo gida.

In na faɗa mata gaskiya, mijinta ya zama maƙaryaci a idonta, ita kuma ta ji kunya a gaban matan coci. 'Yata ba ta riƙe magana, kafin Lahadi duk Zuru ta ji, Madam ta ji, ta nemi wata. Ba ni da wata sana'a, ƙarfina ma ya fara tafiya. Maƙwabciyata ta ce in roƙi Madam ta aiko mini da roba guda, in ce wani soja ne ya kawo saƙo daga mijin. Wannan zai yi, yaron zai samu sauƙi. Amma a da na yi shiru ne kawai, yanzu zan yi ƙarya da bakina, kuma duk ƙarewar roba sai na sake.

Jiya na je, yaron bai bar kuka ba, uwarsa ma ta rame. Ga mai nan cike da tukunya a ɗakina.

Ku da kuka yi karatu ku gaya mini. In faɗa mata ni ce Baturiyar, ko in ci gaba da ɓuya a bayanta don jikana ya samu barci?