Alwalar Baba

Laraba, da dare

Ɗazu muka dawo daga asibiti a Kano, ni da Baba, mahaifina. Likita ya ce duburarsa ce ke zazzagowa, kuma za a gyara ta ƙananan huji, ba sai an tsaga ciki ba. Ko a ɗinke hanjin a mazauninsa, ko a tallafe shi da raga. Na dinga jero tambayoyi: wanne ya fi saurin warkewa, wanne ne idan an yi ciwon ba ya dawowa.

Baba dai kansa a sunkuye. Can ya ce, "Likita, wanne zai bar ni in riƙe alwala?"

Ashe rashin riƙe alwalar ne ya sa ya ajiye limancin masallacinmu tun bara. Mu kuwa muna ta sayo masa maganin gwiwa, a zatonmu ita ce ta hana shi.