Gumbar Ayashe

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinta na Azare.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina rubuto miki daga Bukur, inda aka kawo mu haƙar kuza ba da son ranmu ba. Na san ba mai kai miki wasiƙar nan. Amma yau Larabar ƙarshen watan Safar ce, ranar da aka haifi surukarki Ayashe, kuma ba ni da wanda zan gaya wa abin da ke cina sai ke.

Kin fi ni sanin labarin. Duk waɗanda uwarta ta haifa kafin ita ba su yi rai ba, shi ya sa ta yi alkawarin kowace shekara, ranar nan, za a daka gumba a yi sadaka. Da aka kawo ta gidanmu kika ce, "Tunda mun karɓi yarinya, mun karɓa har da gumbarta."

Ina tuna hantsin ranar a tsakar gida. Ki zaunar da ita kan sabuwar tabarma, hannu duk lalle, ki hana ta taɓa ko ludayi. Ƙannena su kewaye ta suna cewa, "Tsohuwa ta ƙara shekara, a nemo mata sanda!" Ita kuma ta rantse duk wanda ya sake faɗa ba zai lashi zumar gumbar ba. Baba ya yi fatiha daga zaure. Ni kuwa ina ta shiga ina fita kamar na ɓatar da wani abu, don dai in ga tana dariya.

Bana ba ke, ba Baba, ba ni. Gida yana hannun Yaya Sale, shi kuwa tun kina da rai yake cewa camfi ne, rai da ajali na Allah ne. Ban ce ya yi ƙarya ba. Shi ke ciyar da iyalina tun ranar da mai unguwa ya tsallake 'ya'yan masu hali ya nuna ni a kawo ni nan, ba zan manta wa Yaya da wannan ba. Amma na san turmin gidanmu bai motsa ba yau, Ayashe kuma ba za ta buɗi baki ta roƙi wan miji ba. Na bar ta da ciki, Inna, ga shi ana ta cewa agana ta shiga ƙasar Katagum.

Shi ya sa da sassafe na ari turmi wurin wata mai tuwo, na daka geron da aka auna mana. Maza suka taru suna dariya, wani ya ce a sayo mini zane da kallabi. Ba zuma, ba nono, gari ne kawai da ruwa. Na raba wa yaran bariki. Ban sani ba ko sadakar nesa tana karɓuwa, ko sai a gidan da Ayashe take.

Jiya aka kawo sababbin lebura, cikinsu har da wani mutumin Udubo da ke sauka a zaurenmu ran kasuwa. Ya hango ni, ya ɗaga hannu, bai yi murmushi ba. Wataƙila gajiyar hanya ce. Tun jiya nake kauce masa, ko wurin rabon abinci ban je ba. Muddin ba mu gaisa ba, a wurina Ayashe tana nan lafiya.

Ga shi can yana tambayar rumfarmu, an nuna masa. Zan ajiye alƙalami.

Allah Ya haskaka kabarinki, Innata. Allah Ya sauke Ayashe lafiya, Ya sa gaisuwa kawai mutumin nan ya kawo. Amin.

Ɗanki da ke nesa,
Adamu