Shaidar Tafinta

Lahadi, 3 ga Maris, 2024
Bayan sujada Fasto John ya tsayar da ni a ƙofar ofishinsa. Majalisar majami'a ta sa sunana cikin mutum uku da za a naɗa dattawan ikilisiya. Bisa al'adar majami'armu ta Yelwa, kowannenmu zai tsaya gaban jama'a ranar ashirin da huɗu ga wata, ya ba da shaidar yadda ya karɓi Yesu. "Kai kam, Dakta, wannan ba aiki ba ne a wurinka," in ji shi. Na yi godiya.

Laraba, 6 ga Maris
Shekara goma sha ɗaya ina tafinta. Fasto ya yi wa'azi da Turanci, ni in mayar da Hausa. Idan ya kira masu son miƙa ransu ga Ubangiji su fito gaba, da muryata suke jin kiran. Ni kuwa ban taɓa amsa shi ba. An yi mini baftisma ina da shekara goma sha huɗu, domin dukan ajinmu aka yi wa, mahaifina kuma mai bishara ne. Na haddace amsoshin, aka ce na isa. Ba ƙi na yi ba. Ba a taɓa tambayata ba ne, ni ma ban tambayi kaina ba. Yanzu kuma, wanda kullum yake tsaye a gaba, ina zai fito?

Asabar, 9 ga Maris
Matata Eunice ta gaya wa zumuntar matan majami'a labarin naɗin. Mama ta yi waya daga Bogoro, za ta zo.

Talata, 12 ga Maris
Na haɗu da Baba Ɗanlarai a bakin titi yana jiran keke. Shi ne tsohon da ya bar giya shekara biyar da suka wuce, ranar da ya fito gaba. Ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Ubana cikin Ubangiji! Ni fa ban ji Turancin Fasto ba, kai na ji." Na koyar da darasin ƙarfe goma a jami'a ban san abin da na faɗa wa ɗalibai ba.

Lahadi, 17 ga Maris
Na rubuta shaida, shafi biyu. Na sa taron matasa, da wata waƙa, da hawaye. Babu jimlar da za a kushe. Na karanta wa Eunice tana tsince shinkafa. Ta ce, "Ta yi daɗi, Maigida." Can ta ce, "Shekara goma sha biyar muna tare, ban taɓa jin labarin taron nan ba." Na ce ba komai ake faɗa ba. Ta ci gaba da tsinta.
In na karanta, na yi ƙarya a gaban bagaden majami'a. In na ƙi, kowa zai nemi dalili.

Alhamis, 21 ga Maris
Na je wurin Fasto. Na shirya bayani mai tsawo, amma abin da ya fito shi ne, "Fasto, ba ni da shaida." Ya cire tabarau. Sai ya ce mu durƙusa nan take in karɓi Yesu, ranar Lahadi in sami abin faɗa. Na ce a'a. In na durƙusa yau, kujerar dattijo na durƙusa wa, kuma ni na sani. Ya ce, "To me kake so?" Na ce a cire sunana. Ya ce zai cire, kuma in huta da tafinta tukuna. Wannan ban zata zai yi mini zafi haka ba.

Lahadi, 24 ga Maris
An naɗa mutum biyu. Na zauna a bencin baya. Har an fara cewa wani laifi na yi aka rufe. Mama ta zo da sabon zaninta, ta zauna kusa da ni. Eunice kaɗai na gaya wa gaskiya.

Juma'a, 29 ga Maris
Na yi ƙoƙarin addu'a. Na lura ina gyara jimlolin kafin in faɗa. Na daina, na ce kawai, ga ni, ban san yadda ake yi ba. Ban ji komai ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu
Sabon tafinta yana tuntuɓe, sau biyu Fasto ya jira shi. Da farko ina gyara masa a zuci, daga baya na sami kaina ina saurare kawai. Aka yi kira. Mutum uku suka fito gaba, ba sai na rubuta sunaye ba. Ba zan ce wani abu ya canza ba, ya yi wuri.
Eunice dai ta ce in tuɓe wandon nan ta jiƙa, gwiwoyin sun yi datti wurin durƙuso.